Fashin Baƙi: Idan Amfilifayar Jita Mai Kwalba Ta Lalace, Kwalbar Ce Mai Laifi?

Amfilifayar jita mai kwalba, wato akwatin da ke ƙara wa jita sauti, ta yi shiru, ko ta kama gurnani, ko tana cinye fiyus ɗaya bayan ɗaya. Laifin wa ne? Ka jefa wannan tambayar a cikin makaɗan Zariya, daga masu jita na majami'un Wusasa da Sabon Gari zuwa ɗaliban da ke haɗa 'yar ƙungiyar kiɗa a Samaru, amsa biyu za ka ji. Wasu su ce kwalba ta ƙone, a sayo sabuwa. Wasu su ce ai kayan Turai ne, ba sa jure wutarmu, a rabu da ita a sayi ta zamani mai taransista maimakon kwalba a huta.

Maganar ta yi yawa ne tun da samari suka fara ganin irin waɗannan akwatuna a bayan manyan makaɗa a bidiyon waya, suka shiga yo odar na gwanjo daga Legas. Kaya ya iso, ya yi wata biyu yana daɗi, sai ya tsaya. A kai wa mai gyaran talabijin, shi kuma tun da ya koyi sana'a bai taɓa riƙe kwalba ba. Na san wani yaro a Tudun Wada da ya canza manyan kwalabe huɗu rigis saboda sautin amfilifayarsa yana yankewa. Bayan kwana uku ciwon ya dawo yadda yake. Zan faɗi abin da aka gano daga baya.

Mece ce kwalbar?

Turawan Ingila suna kiranta bawul, mu dai kwalba muke cewa, domin kwalbar ce: gilashi da aka zuƙe iskar cikinsa tas. A ciki akwai siririn zare, yawanci mai cin bolt 6.3, aikinsa ɗumama wani ɗan bututu har ya fara sakin ƙwayoyin lantarki. Su kuma sai su ruga zuwa wani faranti mai ɗauke da wuta mai ƙarfi. A tsakani aka gitta wata 'yar raga. Ɗan motsin wutar da jita ke aikowa, wanda ko bolt ɗaya bai cika kaiwa ba, kan ragar yake sauka, shi ke buɗe hanya ko ya tsuke ta. Wanda ya taɓa ganin manomin rani a bakin Galma yana juya ruwa mai yawa da ɗan curin laka ya riga ya gane aikin ragar nan.

John Ambrose Fleming ne ya ƙera ta farko a Ingila a 1904, Lee de Forest na Amurka ya ƙara mata raga a 1906. Da taransista ta fito a 1947, sannu a hankali rediyo da talabijin suka yi ƙaura suka bar kwalba. Makaɗan jita ne suka ƙi tashi, saboda idan aka matsa wa kwalba har ta ƙure, sautinta murɗewa yake a hankali da wani kauri mai daɗin ji, maimakon ya tsage.

Kwalaben ciki kashi uku ne. Akwai ƙanana masu ƙafa tara da ke tarbar sautin jita, kusan kullum 12AX7, wadda Turai ke rubuta wa ECC83. Akwai manya masu tura sifika: 6L6 da 6V6 a yawancin ƙirar kamfanin Fender, EL34 a Marshall, sai EL84 a Vox AC30, wadda jikinta bai kai na sauran ba amma aikinsu ɗaya. Wasu amfilifayoyin kuma suna da ta uku mai miƙar da wuta, wato mai mayar da wutar bango mai kai da komowa ta bi hanya ɗaya, irin su GZ34 ko 5Y3. Manyan su ne masu gajiya da aiki. Ƙananan kuwa sukan yi shekaru da yawa ba abin da ya same su. Idan kana son sanin ko iska ta shiga kwalba, dubi tabon nan mai ƙyalli kamar madubi a jikin gilashin. Muddin yana ƙyalli ko ya yi duhu, ba komai. Ran da ya koma fari kamar alli, ta mutu, babu kuma magani.

Sauti yana shiga ta ramin waya, ya ratsa ƙananan kwalabe da maɓallan sauti, ya isa manyan kwalabe, ya bi ta taransifomar fita, ya faɗa sifika. Wuta kuma tana bin tata hanyar: filogi, fiyus, taransifomar wuta, mai miƙar da wuta, sannan manyan kafasitoci, wasu 'yan gwangwanaye masu tara wuta su tace ta. Gano ciwo bai wuce bin hanyoyin nan biyu ana tambayar inda aka tsaya ba.

Kafin ka ɗauki sukundireba

Nan ne ba na wasa. Farantin kwalba yana aiki ne da bolt 300 zuwa 500, kuma manyan kafasitoci suna iya riƙe wannan wutar bayan an kashe an zare filogi. Mutum ya ga akwati a kashe, ya zura hannu, ta yi jifa da shi. Masu sana'ar suna fara sauke wutar ta cikin razista, wani ɗan abu mai rage gudun wuta, su auna da mita su tabbatar ta sauka, kuma idan dole su yi awo tana kunne, hannu ɗaya ke shiga, ɗayan yana aljihu, don kada wuta ta ratsa ƙirji. Mai amfilifaya yana iya duba waya da fiyus da sifika, yana iya zare kwalba ya mayar bayan ta huce. Amma buɗe cikin tiren ƙarfen da kayan ke ciki aikin wanda ya iya ne.

Doka ta biyu: ba a kunna ta babu sifika a haɗe. Mai taransista ba ta damu ba, amma mai kwalba, idan aka buga jita babu inda ƙarfin zai sauka, wutar komawa take cikin taransifomar fita ta huda rufin wayoyinta. Haka nan a daidaita lambar om da ke jikin sifika da ta ramin fitar amfilifaya: 4 da 4, 8 da 8, 16 da 16. Taransifomar fita na cikin mafi tsadar abin da ke akwatin, kuma ba a bakin titi ake samunta ba.

Wutarmu da tasu

Masu cewa wutarmu ce matsala ba su yi ƙarya duka ba. Najeriya bolt 230 take bayarwa, mai juyi 50 a daƙiƙa. Amurka bolt 120 ne, juyi 60. Japan ma bolt 100 ne. Da yawan kayan gwanjo don kasuwar Amurka aka yi su, kuma wani tun a hanya an riga an yanke filoginsa an ɗaura irin namu. Ka soka kai tsaye, in ka yi sa'a fiyus ya tafi, in ba ka yi ba taransifoma ta yi hayaƙi. Don haka abin farko shi ne karanta rubutun da ke baya.

Idan ta 120 ce, sai da taransifoma mai rage wuta, kuma a nan ake yawan kuskure. Amfilifaya mai wat 50, wannan lambar ƙarfin da take ba sifika ce, abin da take ja daga bango yakan kai ninki uku. Ɗan ƙaramin marage irin na cajin aski ba zai ɗauke ta ba. Idan kuwa tana da maɓallin zaɓen wuta a baya, aka juya shi daga 120 zuwa 230, to fiyus ma sai an canza zuwa kamar rabin lambarsa, in ba haka ba ya zama ado. Wani abin kuma, taransifomar da aka naɗa don juyi 60 ta fi ɗaukar zafi a kan juyi 50, ko da bolt ɗin ya yi daidai.

Sai hawa da saukar wuta. Zaren ɗumama kwalba ba ya son a kauce wa 6.3 da fiye da kashi goma cikin ɗari. Wuta ta yi ƙasa, sauti ya yi laushi ya rasa ƙarfi, mai jita ya ɗauka kwalba ta tsufa, alhali fankar ɗakin ma da ƙyar take juyawa. Wuta ta dawo da ƙarfi, kafasita ta sha wahala. Ƙaramin janareta da ake jona masa firji da injin ruwa shi ma haka yake wasa da ita, inbata mai arha kuma tana sa taransifoma zuzu da zafi. Sitabilaiza mai kyau tana rage rabin wannan rigimar, tare da ɗabi'ar kashe amfilifaya da zarar an ɗauke wuta.

Akwai wanda ya fi duka haɗari, kuma ba a maganarsa. Gidaje da ɗakunan taro da yawa ƙafar filogi ta uku ba ta haɗe da ƙasa. Tsirkiyoyin jita kuwa a haɗe suke da jikin ƙarfen amfilifaya ta cikin waya. Idan wuta ta zubo kan ƙarfen babu hanyar ƙasa, jikin mai kiɗa ne hanyar. Duk wanda ya ji makirufo yana cizon leɓensa yayin da hannunsa ke kan tsirkiya, ya ajiye kiɗan nan, ba abin dariya ba ne. Tsofaffin ƙirar Amurka masu filogi mai ƙafa biyu sun fi muni, domin akwai wata kafasita tsakanin wutar bango da jikin ƙarfen wadda masu gyara na can suka laƙaba wa sunan kafasitar ajali. Cire ta ake yi a sa waya mai ƙafa uku.

Kowane ciwo da kukansa

Idan ko fitilar gaba ba ta kama ba, fara daga bango. Soket, waya, sannan fiyus. Kar a manta filogin nan namu mai ƙafa uku shi ma da nasa fiyus a ciki.

Idan fiyus ne ke ƙonewa, to faɗa maka yake akwai abin da ke jan wuta fiye da kima. Naɗa masa takardar kwalin taba ko zaren waya, kamar yadda ake yi wa na gida, daidai yake da toshe bakin mai ihu gobara. A sa irinsa sak, kuma yawanci mai jinkirin ƙonewa ne, wanda ake rubuta wa harafin T kafin lamba. Daga nan sai rarrabewa. A zare manyan kwalabe da mai miƙar da wuta, a kunna. Fiyus ya tsaya? To zargi ya koma kan ɗaya daga cikinsu, ko kafasitocin da kwalba mai miƙar da wuta ke ciyarwa, sai a mayar da su a ga wadda ke kashe shi. Ya sake tafiya alhali an zare su? Sun fita daga zargi, saura dayod (mai miƙar da wuta da ba kwalba ba), kafasita ko taransifoma. Tsofaffin masu gyara suna da wata dabara: su jera ƙwan fitila mai zare, mai wat 100, a kan hanyar wutar da ke shiga. In akwai gajeriyar hanya a ciki, ƙwan ya haska tar ya shanye wutar, babu abin da zai ƙone. In lafiya, ya yi haske ɗaya ya dushe. Wahalar yanzu ita ce samun ƙwan, tunda kasuwa ta koma na LED, shi kuwa ba ya wannan aikin.

Idan fitila ta kama, kwalabe sun yi jan nan na ɗumi a tsakiya, amma shiru, to kada a zargi kowa sai an canza wayar jita. Abin kunya ne yawan amfilifayoyin da ake ɗorawa a Keke Napep zuwa wurin gyara alhali wayar ce ta tsinke a ciki. Taɓa bakin wayar da yatsa: in ka ji zuuu, amfilifaya na da rai. Sifika kuma, a zare wayarta a taɓa mata batir mai bolt 9, za ta ce ɓus in tana aiki. A mita, mai om 8 takan nuna wajen 6 ko 7, wannan daidai ne. Wasu ƙirar suna da fiyus na biyu mai tsaron babbar wuta, wanda in ya tafi komai zai yi haske amma ba sauti.

Gurnani shi ne ya fi ruɗa mutane, domin iri biyu ne. Akwai mai juyi 50, mai zurfi, wanda yakan fito daga rashin wayar ƙasa, ko wayar jita mara rufi, ko kusanci da wata taransifoma, ko ƙaramar kwalbar da zarenta ke yoyo. Akwai mai juyi 100, wanda ya fi shi tashi da kaushi, shi kuwa kusan kullum manyan kafasitoci ne suka bushe suka daina tace wuta. Ga hanyar bambancewa ba tare da wata na'ura ba: danna tsirkiyar jita mafi kauri a gaɓa ta uku ka kaɗa. Wannan sautin juyi 98 ne. In gurnanin ya yi kusan daidai da shi, na 100 ne, kafasita za a nema. In ya yi ƙasa da shi sosai, na 50 ne. Sannan ka zare jita ka mayar da bolum sifili. Gurnani ya tafi? Daga waje yake shigowa ko daga matakin farko. Yana nan? Yana can ciki, wajen wuta ko manyan kwalabe.

Ƙarar ƙas-ƙas kamar ana soya gyaɗa takan zo daga datti a ramukan da ƙafafun kwalba ke shiga, ko dalmar da ta tsage, ko razistar faranti mai om dubu 100 da ta tsufa. Fito ko ƙara kamar ƙararrawa idan an ɗaga bolum kuwa alamar ƙaramar kwalba ce da kayan cikinta suka saki, ta koma makirufo. Ka samu tsinken tsire busasshe ka ɗan ƙwanƙwasa kowace. Dukkansu za su ɗan amsa, musamman ta farko, amma mai ciwon za ta yi kuka fiye da kima. Ban da fensir, lantarki yana bi ta bakinsa. Tunda yawancin ƙananan iri ɗaya ne, ana iya musanya gurbinsu a ga ko ciwon ya bi kwalbar. Wannan musanyar kyauta ce, kuma ta fi sayen sabuwa a makance. In kuma amfilifaya ta kama fat-fat-fat kamar injin niƙa, kafasitocin tace wuta ne.

Wanda ba ya jira shi ne jan faranti. Ɗan jan zare a tsakiyar kwalba daidai ne, shuɗin haske a jikin gilashi ma yawanci ba komai. Amma idan faffaɗan ƙarfen nan mai ruwan toka ya fara ja kamar garwashi, kashe nan take. Bayan ta huce a musanya gurbi. Jan ya bi kwalba, ita ce. Ya tsaya a gurbin, to ciwon na cikin akwati: ko kafasitar da ke kawo mata sauti tana yoyon wuta, ko bayas, wato saitin wutar da take sha, ya ɓace. Duk sabuwar da aka sa a wannan gurbin, ita ma ƙonewa za ta yi.

Bayas, abin da ake tsallakewa

Bayas shi ne saitin yawan wutar da babbar kwalba ke sha tana zaune ba kiɗa, kamar silo a injin mota. Ya yi yawa, ta yi zafi ta mutu da wuri. Ya yi kaɗan, sauti ya bushe. Irin su Vox AC30 da kansu suke daidaitawa. Amma manyan Fender da Marshall da yawa sai an auna an saita duk lokacin da aka canza manyan kwalabe. Ƙa'idar da masu gyara suka saba bi ita ce kada a wuce kashi 70 cikin ɗari na zafin da kwalbar ke iya ɗauka. EL34 wat 25 take ɗauka, kashi 70 ya zama 17.5. In farantinta na kan bolt 450, a raba, ya ba da wajen miliamf 39, ma'aunin yawan wutar da za ta sha ke nan. 6L6GC kuwa wat 30 ce, lissafinta daban. Shi ya sa ake sayen manyan bibbiyu ko hurhuɗu waɗanda aka gwada suka yi daidai da juna. Mai gyaran da ya canza maka su bai ɗauko mita ba, rabin aiki ya yi.

Hunturu, bazara da zanzaro

Ƙurar hunturu tana shiga maɓallai da ramukan waya, shi ya sa bolum ke ƙarar yashi. Ruwan fesawa na wanke mahaɗar lantarki ne maganinsa, ba man inji ba. Zafin Maris da Afrilu kuma kafasita yake ci: ƙa'idar masu ƙera ta ita ce duk ƙarin digiri 10 yana raba kwananta biyu, don haka jingina bayan akwatin da bango zalunci ne. Damina ta kawo tsatsa a ƙafafun kwalba. In an ajiye ta wata uku ba a taɓa ba, a leƙa kafin a kunna, don zanzaro yakan yi gini a ciki, ɓera ya ci waya, tsaka ta kwanta inda bai kamata ba.

A gyara ko a rabu da ita?

Masu cewa a rabu da ita suna da hujja. Masana'antun kwalba kaɗan suka rage a duniya, irin su JJ a Sulobakiya, wata a birnin Saratov na Rasha mai yin kwalaben Sovtek da Electro-Harmonix, sai wasu a Sin. Da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022, kwalba ta yi wuya ta yi tsada a ko'ina, mu kuma da dala muke saye, ga kuɗin kawowa, ga jiran makonni. Majami'a ko ƙungiyar biki da ke son abin da za a kunna kawai ya yi aiki, a kan janareta, a hannun kowa, ni ma mai taransista zan ce su saya. Ta fi sauƙin ɗauka, ta fi haƙuri.

Inda na rabu da su shi ne cewa wai mai kwalba ba ta gyaruwa. Tsofaffin ƙirar ma sun fi na zamani sauƙin gyara, domin komai a fili yake, zanen haɗinsu yana intanet, razista da dalma kuma akwai su a shagunan kayan lantarki na Sabon Gari. Kafasita mai ɗaukar bolt 450 ko 500 ce sai an bincika, kuma kada a yarda a sa mai ƙasa da lambar da aka cire. Abin da ya yi ƙaranci shi ne hannu. Dattawan da suka gyara rediyo mai bawul suna ƙarewa, yaran da suka gaje su waya da talabijin suka sani. Mai amfilifaya zai taimaki kansa in ya je da bayani: yaushe ciwon ke zuwa, da sanyi ko bayan ta yi zafi, a wutar gari ko a janareta, bolum na canza shi ko a'a.

Yaron nan na Tudun Wada, a ƙarshe wurin wani dattijo aka kai shi, tsohon mai gyaran rediyo. Ya zayyana masa duk kuɗin da ya kashe. Dattijon bai ko taɓa kwalaben ba. Ya juya akwatin, ya ga ramuka biyu a baya, na fitar da sauti zuwa kayan ƙawata shi da na dawo da shi, ya ce, "Ɗana, kana amfani da waɗannan?" Yaron ya ce, "A'a Baba, ban ma san aikinsu ba." Ya ɗauko guntuwar waya ya haɗa ramukan biyu, ya ce a buga. Sauti ya fito garau, bai ƙara yankewa ba. A cikin ramin dawowar akwai wani ɗan harshen ƙarfe da ke rufe hanya idan ba a soka komai ba, duk sautin ta kansa yake wucewa, ƙura da tsatsa suka hana shi haɗuwa. Baba ya fesa masa ruwan wanki, ya soka filogi ya zare kamar sau goma, sannan ya tambaye shi inda ya kai tsofaffin kwalaben huɗu. Yaron ya ce suna gida a cikin kwali. Ya ce, "To ka adana su da kyau, lafiyarsu ƙalau."